Littafin Kurakuran Malam Kash

Yayana ya shekara talatin da ɗoriya yana koyar da lissafi, kuma babu darasin da zai tashi bai yi kuskure a kan allo ba. Da gangan yake yi. Ni kaɗai na san haka, ya kuma sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, ni da magana ba ta kwana biyu a cikina ban amayar da ita ba. Shekara shida na riƙe. A ta bakwai na fasa, kuma har yau raina a ɓace yake, da mutanen da suka ja na fasa, da shi kansa Yayan, da ni ma.

Ina da shago a bakin titi. Ina sayar da littattafan rubutu da biro da rula, ina kuma yin fotokwafi. A bayan shagon akwai wani ɗaki da a da nake jibge kwalaye a ciki. Da makarantar da Yaya yake aiki ta sallame shi tun lokacinsa bai yi ba, wai ba ya ƙare manhaja a zango, sai na kwashe kwalayen, na sa kafinta ya buga benci huɗu, ya kafa farin allo. Tsakanin ɗakin da kantata falanki ne kawai, ko tari aka yi ina ji. Ƙarfe huɗu yara suke zuwa, bayan an tashi makaranta. A shekarar da nake ba da labari su goma sha ɗaya ne, duk masu shirin jarrabawar fita sakandare, duk kuma waɗanda aka daɗe ana gaya wa cewa kansu ba ya ja.

Ɗakin nan shi ne abin da ya rage wa Yaya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna nesa, sai dai waya. Tun ƙarfe biyu yake isowa, ya goge allon da babu komai a kansa, ya jera bencin da dama a jere suke. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Taku biyar daga bango zuwa taga, ya juyo, taku biyar, yana buɗe murfin maka, wato alƙalamin allo, yana rufewa, ƙas, ƙas, ƙas, har sai na buga falankin na ce, "Yaya, don Allah ka bar mini kunnena."

Ga yadda yake yi. Zai rubuta tambaya, ya fara warwarewa yana magana shi kaɗai kamar mai gyaran rediyo. A layi na uku ko na huɗu sai ya rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu, ko ya bar alamar ɗebewa ta ɓace a hanya, ya ci gaba abinsa. In ya kai ƙarshe sai ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya ce, "Ikon Allah. Amsar nan ba ta yi kama da ta littafi ba. Ko littafin ne ya yi mana ƙarya?" Sai ya ɗauki gorar ruwansa ya yi ta kurɓa a hankali, yana kallon taga. Ɗakin ya yi tsit. Can sai ka ji wata 'yar murya: "Malam, layi na uku." Ya juyo da sauri, ya dafe goshi, ya ce, "Kash! Taso ka cece ni." Ya miƙa wa yaron jar maka, ya koma gefe ya tsaya kamar wanda aka kama da laifi. Daga nan yara suka sa masa Malam Kash, har iyayensu ma haka suke kiransa.

A shekarar farko kunya ta ishe ni. Na tare shi bayan yara sun watse, na ce, "Yaya, ni da na faɗi lissafi warwas na san bakwai sau takwas. Me yake damunka? In tsufa ne ka faɗa mini."

Ya zaro wani ɗan littafi mai baƙin bango daga aljihun gaban rigarsa, ya buɗe mini. Kowane shafi da kwanan wata, da tambayar ranar, da layin da zai yi kuskuren, da sunan yaron da aka shirya wa. Ashe safiyarsa kaf a kan wannan take ƙarewa. Kuskuren da za a shirya wa mai tsoron alamar ɗebewa daban, na mai gaggawa daban, kuma dole ya zama daidai tsawon hannun yaron, kada ya yi sauƙin da kowa zai riga shi, kada ya yi nisan da ba zai kai ba.

"Ƙarama," in ji shi, haka yake kirana har yau da jikokina uku, "yaron da aka shekara goma ana ce masa daƙiƙi, in ka ce masa yana da ƙoƙari ba zai yarda ba. Ya san lallashi ne. Amma ranar da ya kama malami da hannunsa, wannan babu mai ƙwace masa."

Ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk zamanmu gida ɗaya. Wai yana aji biyu na sakandare, shi ne na bayan aji, malaminsu ya yi kuskure a allo. Ya gani. Ya zauna awa guda maganar tana maƙogwaronsa, ya kasa ɗaga hannu, don ya tabbata ba zai yiwu shi ya gani ba alhali masu ƙoƙari ba su gani ba. Aji duka suka kwafi kuskuren, shi ma ya kwafa. Da ya koma gida ya sake yi sau biyar, sau biyar yana samun nasa ne daidai.

"To ka faɗa wa iyayen mana," na ce, "kada su ɗauka ba ka iya ba."

"In iyaye suka sani, yara sun sani. In yara suka sani, ya zama sadaka. Ki yi mini alkawari."

Na yi. Ban yi musu ba, don na san abin da yake faɗa. Mu malaminmu daga ƙasa yake fara kiran maki, kuma sunana ne yake buɗe taro kullum, aji yana dariya. Har yau in abokin ciniki ya ce in auna takarda in raba masa gida uku daidai, sai tafin hannuna ya jiƙe.

Yanzu ga yarinyar da komai ya taso a kanta. Mahaifinta injiniya ne, ita ce autarsa, Auta muke ce mata. Ranar da ya kawo ta a mota, a gabanta, a gabana, ya ce wa Yaya, "Malam, ga ta nan. Yayyenta duk sun gado ni, ita ce ban san inda ta fito ba." Ya yi dariya, yana jiran mu taya shi. Yarinyar ta kafa ido a takalminta. Da ba don Yaya ya taka mini ƙafa ba, da tun ranar na gaya masa inda ta fito.

Ta zaɓi ƙarshen bencin baya, jikin falanki, daidai bayan kujerata, har numfashinta nake ji. Kowane mako sai ta sayi abin goge fensir a wurina. Takan rubuta, ta goge, ta rubuta, ta goge, har takardar ta huje. Wata uku ba a ji muryarta ba. Yaya ya yi ta ɗana mata tarko, wasu suna riga ta, ko kuma ya sha ruwa har gora ta ƙare babu wanda ya tanka, ya gyara da kansa yana ƙunƙuni. Da yamma sai ya yi ta kai-komo a shagona yana tare wa masu saye hanya, yana cewa, "Ta gani fa, Ƙarama. Wallahi ta gani. Na ga fensirinta ya tsaya."

Wata Laraba na ji ta raɗa wa ta kusa da ita wani abu. Yaya, wanda in na kira shi sau uku ba ya ji, ya ji wannan raɗar daga gaban allo. "Wa ya yi magana? Auta, ke ce? Me na yi kuma?" Ya ƙara da cewa, "Ki taimake ni, yamma tana yi." Na ji benci ya motsa, na ji takunta, na ji ƙarar maka a allo a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Sai kuma, "Kash!" da ƙarfin da ya sa mai jiran fotokwafi ya zabura. Daga makon nan ba ta sake sayen abin gogewa ba. Ta koma biro.

Saura mako shida jarrabawa, ranar wata Litinin da hantsi, wayata ta fara ƙara babu ƙaƙƙautawa. Akwai gurup na iyayen yaran a waya, ni ma ina ciki don ni nake sanar da canjin lokaci. Injiniya ne ya zuba hotuna tara, duk na allon Yaya, kowanne da kuskure an kewaye shi da ja, an rubuta gyara a gefensa. A ƙasa ya rubuta: "Wannan na samu a wayar 'yata. Kurakurai tara a mako uku. Wanda ke buƙatar a koya masa ne muka ba 'ya'yanmu." Kafin azahar an yi sharhi ya fi arba'in. Wata ta ce dama ta lura. Wani ya ce ai ba a banza makaranta ta kore shi ba. Wanda bai iya rubuta sunan ɗansa daidai ba ma sai da ya tofa albarkacin bakinsa.

Na rubuta amsa na goge ya fi sau goma. Na lalata wa wani ɗalibi fotokwafi, na buga masa shafi ɗaya sau ashirin. Da Yaya ya zo na dangwara masa wayar a hannu. Ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta ta, ya miƙo mini.

"Hoton ya fito da kyau," in ji shi.

"Abin da za ka ce ke nan? Ana yaga maka riga a kasuwa!"

"Kin yi alkawari."

"Alkawarin ya ci ƙaniyarsa, Yaya. Ajin za su kwashe."

Ya shige ɗakinsa, ƙas, ƙas, ƙas.

Ranar yara takwas suka zo. Talata bakwai. Laraba shida. Auta ba ta zo ba tun Litinin. Yaya ya ci gaba da jera benci huɗu, yana koyarwa yana waiwayen ƙofa duk lokacin da mota ta tsaya a titi. Ni kuma na kasa zama a kujerata. In leƙa titi, in dawo, in duba waya, in kife ta, in sake ɗauka. Alhamis wata ma'aikaciyar jinya da muke kira Maman 'Yan Biyu, don tagwayenta suna ajin, ta rubuta cewa bai kamata a yanke wa mutum hukunci a waya ba, a haɗu ranar Asabar da safe a ji ta bakinsa, kowa ya san inda zai kai ɗansa tun da sauran lokaci. Aka amince.

Na san Yaya. Zai tsaya a gabansu ya yi shiru su tattake shi, ya koma ɗakinsa na haya ya zauna da rediyo har mutuwa ta zo. Ranar Juma'a, da ya rataye rigarsa ta sama a ƙusa ya fita wanke hannu, na zare littafin. Injin yana kunne. Shafi goma sha huɗu na buga, na mayar kafin ya dawo. Ban taɓa yi wa ɗan'uwana sata ba sai ranar.

Da ya tafi na baje takardun a kan kanta, na buɗe hotunan Injiniya, ina haɗa kowanne da kwanan watansa. Na ɗaya ya dace. Na biyu ya dace, har da layin. Bakwai suka dace. Biyu babu su a littafin. Na sake bi daga farko, na sake. A ɗaya an rubuta kusurwar alwatika tamanin da biyar, a takardar tambayoyin da ni da kaina na buga masa kuwa talatin da biyar ne. A ɗayan ɗigo ne ya ɓace a tsakiyar lamba. Sai na tuna yadda ya kai wayata kusa da hanci. Na tuna ya daina karanta jarida a shagona, wai duk ƙarya ce a ciki.

Asabar da safe ya iso cikin rigarsa mai guga. Na nuna masa kalandar bango na ce, "Yaya, ranar jarrabawar nan wace rana ta faɗo? Duba mini."

Ya kalli kalandar, ya kalle ni. "Ke ba ki da ido ne?"

"Ina da shi. Naka nake tambaya."

Ya wuce ciki.

Iyaye tara suka zo. Suka zauna a bencin yara, gwiwoyi a sama, manyan mutane da tumbi. Ni na tsaya a bakin ƙofa da jakata a hammata. Injiniya bai zauna ba. Ya buga hotunan a manyan takardu, a wani shagon ma ba nawa ba, ya bi ya manna su a allo ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, da girmanka," in ji shi, "ba cin mutunci ya kawo mu ba. Amma ni aikina lissafi ne. In na yi kuskure ɗaya gini ya rushe a kan mutane. Kai ka yi tara a mako uku. Ka yi mana bayani."

Yaya yana tsaye jikin taga, yana juya maka a hannu. "Na yi kuskure, yara sun gyara. Babu yaron da ya tafi gida da amsar da ba daidai ba."

"Yara ne za su riƙa gyara malami?"

"In sun iya, me ya rage?"

Wani daga baya ya yi tsaki. Maman 'Yan Biyu ta ce, "Malam, ka taimake mu mana. Ni tagwayena sun canja, na gani da idona, da ko littafin ba sa son taɓawa. Amma ka ga abin da ake nuna mana. Ko rashin lafiya ne? Ka faɗa, ba abin kunya ba ne."

"Lafiyata lau."

"To shi ke nan," in ji Injiniya, ya fara tattara makullansa. "Ni dai tawa ba za ta dawo ba. Dama kanta ba ya ɗauka, a ƙara mata da malamin da bai san bakwai sau takwas ba."

Wannan maganar ce ta tsinka mini igiya. Ban san lokacin da na isa gaban allo ba. Na zazzage takardun a kan tebur.

"Ƙarama!" in ji Yaya.

"Bar ni, Yaya. Kai, Injiniya, tunda karatu ya yi maka yawa, karanta wannan. Da ƙarfi, kowa ya ji."

"Mai shago, ba da ke muke magana ba."

"A ɗakina kake tsaye. Karanta."

Ya ɗauka da yatsa biyu kamar mai ɗaukar tsumma. Ya karanta: "Talata. Layi na huɗu, in bar alamar ɗebewa a gaban baka ba tare da na juya na ciki ba. Don Auta. In ba ta yi magana ba in sha ruwa, in jira. Kada in kalle ta, kallo yana firgita ta." Muryarsa ta ragu a ƙarshen. Ya duba kwanan watan, ya duba hoton da ke allo. Takardun suka fara yawo hannu zuwa hannu, kowa yana neman sunan ɗansa. Maman 'Yan Biyu ta samu nata, ta rufe baki da gefen mayafi.

Na ce, "Kuma tunda idonka yana ganin kuskure daga nesa, dubi jan rubutun da ke hotunan nan. Rubutun wa ne? Shekara goma sha bakwai tana gidanka, ba ka san hannun 'yarka ba? Ka ɗauka don me ta ɗauki hotunan? Don ta kai ƙarar malami? Ta ajiye ne ta nuna maka ta iya, kai kuma ka ɗauka ka watsa wa duniya."

Ya matsa kusa da allon ya daɗe yana kallo. Na ɗauka zai ba da haƙuri. Ina! Irin mutanen nan ba sa faɗuwa a gaban jama'a. Ya koma kan takardun yana lissafawa da yatsa, ya ɗago.

"Bakwai ne a nan. Hotuna tara ne. Ina sauran biyun?"

Na san zai gano, na dai yi fatan ba zai ƙirga ba.

Yaya ya ajiye makar a kan tebur. Tun da aka fara taron sai lokacin ya daina motsi. "Waɗannan biyun nawa ne na gaske," in ji shi. "Idona ya fara gajiya, uku tana zame mini takwas. Su ma 'yarka ce ta kama. Na alwatikar nan, ko takardar ba ta duba ba. Cewa ta yi, Malam, wannan alwatikar ba za ta yiwu ba, kusurwa biyu kawai sun haura ɗari da tamanin. Yayyenta da suka gado ka, ka tambaye su ko sun taɓa gaya wa malami haka."

Injiniya ya ɓamɓare hotunansa daga allo, ya naɗe, ya ce zai yi shawara. Biyu daga cikin iyayen suka ce su gaskiya malamin da ba ya gani ba za su iya ba, jarrabawa ta matso, kuma ban ga laifinsu sosai ba, ko da yake ban gaishe su da suka fita ba. Maman 'Yan Biyu ta rubuta wa Yaya sunan asibitin ido a bayan takarda, ta ce ranar Talata likitan yake zama, in bai je ba ita za ta zo ta ɗauke shi da kanta.

Da ɗakin ya zama daga ni sai shi, ya tattara takardun fotokwafin ya daidaita gefensu, ya miƙo mini.

"Kin kyauta," in ji shi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Da na yi shiru da yanzu ba ka da aji."

"Yanzu ma ban sani ba ko ina da shi."

Gaskiyarsa. Kafin la'asar wani ya ɗauki hoton shafukan ya zuba a gurup, wai don a wanke Malam. Iyaye suka yi ta yabo, masu zaginsa ranar Litinin su ne a gaba. Kuma duk yaron da ke gidan da ake da waya ya gani.

Litinin yara bakwai suka zo, har da Auta, direba ya sauke ta. Yaya ya yi kuskurensa a layi na uku. Tun bai rufe maka ba yara uku suka ɗaga hannu suna dariya, ɗaya ya ce, "Malam, na wa ne yau?" Bai ce kash ba. Ya gyara da kansa ya ci gaba. Ta bayan falanki ban ji motsin Auta ba ko kaɗan. Kwana uku haka. Yaya ba ya yi mini magana sai gaisuwa. Talata ya je asibitin, ya dawo da takardar gilashi, ya ajiye mini a kanta ba tare da ya dube ni ba.

Alhamis, ƙarfe huɗu saura kwata, Auta ta tsaya a gaban kantata. Ta ajiye hannu a kan kwalin abin goge fensir.

"Gwaggo, ba ni ɗaya."

"Babu."

"Ga su nan."

"Na ce babu. Ba na sayar miki."

Idonta ya ciko. "Gwaggo, ashe duk shiri ne? Ni na ɗauka ni ce na gani. Ashe ajiye mini ake yi a hanya kamar ƙaramar yarinya."

Ni ban iya lallashi ba, ban kuma taɓa koya ba. Na jawo durowa, na fito da takardun nan da suka jawo mini bala'i, na baje mata. "Buɗe wayarki. Hotuna nawa kika ɗauka?"

"Tara."

"Nemo mini na alwatika a nan. Nemo na ɗigon. Ina jira, kuma ki yi sauri, ina da aiki."

Ta bi shafukan da yatsa, ta kai ƙarshe, ta dawo farko. "Babu su."

"Babu su, don ba shiri ba ne. Tsohon nan bai gani ba. Yara goma a ɗakin ba su gani ba. Da kin yi shiru da duk sun kwafa sun tafi da shi gida. Su bakwai ɗin ma, ajiye miki aka yi, na yarda, amma wa ya ɗauka? Wata uku ana ajiyewa kina tsallakewa. Kuma gilashinsa sai mako mai zuwa zai fito, saboda haka in kin ga dama ki shiga ki zauna ki yi shiru, ya koya wa mutane alwatikar da babu ita a duniya."

Ta tsaya tana kallon takardun. "Baba ya tambaye ni yadda na gane na alwatikar," in ji ta a hankali. "Na nuna masa. Bai ce komai ba. Amma ya zauna har na gama."

"To. Ɗauke hannunki daga kan kayana, ki wuce, kada ki makara."

Ta shiga. Na zauna a kujerata na kasa kunne, ga mutum biyu suna jiran fotokwafi ina yi musu alamar su dakata. Na ji Yaya yana kai-komo, na ji maka a allo, tambaya ta farko ta wuce lafiya, ta biyu ma. A ta uku, tun bai kai ƙarshe ba, tun bai taɓa gorar ruwa ba, na ji muryarta daga bencin baya, ba raɗa ba:

"Malam, tsaya. Layi na biyu."

Na ji takunsa ya matsa kusa da allo, ya ja baya, ya sake matsawa.

"Kash!"

Ban sani ba ko na shiri ne ko na gaske. Na tambaye shi da yamma, ya ce in je in duba a injina tunda shi ne mai gaya mini komai. Littafin kuwa ya daina barinsa a rigar da yake ratayewa a ƙusa, a aljihun wando yake sa shi yanzu, har wanke hannu da shi yake fita. Aji ya tsaya a bakwai, huɗun ba su dawo ba. Ya ce in bar benci na huɗun inda yake, na bari, kullum ƙarfe biyu sai ya zo ya goge shi tare da sauran.